Sarkin Latas da Sikeli

A duk layinmu babu wanda ya san sirrin lafiya kamar tsohon manajan nan da ake wa laƙabi da Sarkin Latas. Shi da kansa ya sha faɗar haka, kuma mutum mai irin wannan tumbi ba a yi masa musu.

Iliminsa sabo ne fil. Ƙanwarsa, wadda likita ce, ta auna shi ta ce sukari ya yi masa yawa. In bai rage ƙiba zuwa ƙarshen wata ba, to, sai allura kowace safiya. Manaja kuwa ya taɓa korar ma'aikata da kallo kawai, amma in ya ga allura yakan nemi ƙofar gudu.

Washegari ya kori matarsa daga kicin, cikin girmamawa. Ya ɗaura ƙyallen girki, igiyar ta ƙi haɗuwa a baya.

"Daga yau salak, mara nauyi," in ji shi. "Wannan mayonis na kanti guba ne. Ni zan haɗa nawa. Abin da hannunka ya yi ba ya cutar da kai."

Matar ta ce, "To, maigida," ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa.

Farawa dai ya fara da kyau, a ba shi haƙƙinsa. Yogot, lemun tsami, tafarnuwa, ɗan gishiri. Ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya ce haɗin bai da kwarjini. Ya tsiyaya man zaitun. Ya ƙara. Da cokali ya kasa, ludayi ya karɓi aiki. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sai burodi. Masana kan gasa 'yan gutsattsari su yayyafa a sama. Sarkin Latas ya fi ƙarfin yayyafi. Sunƙi guda yake yankawa, ya narka bota a kasko, ya soya har gutsattsarin su riƙa iyo. Kowanne sai ya gwada ƙaras-ƙaras ɗinsa da haƙori kafin ya amince.

"Ɗanɗano ba ci ba ne," yakan ce wa matar, baki cike. "Kuma duk maiƙon da ya taɓa ganye ya mutu. Kimiyya ce."

Latas ɗin ma yana nan, ban ce babu ba. Ganye biyu ko uku a ƙasan kwano, kamar shaidun da aka kira ba a ba su damar magana ba.

Da yamma yakan fito ƙofar gida ya yi wa jama'a nasiha. Ya tsayar da mai gadi ya duba masa kwanon abinci, ya girgiza kai. Ya ce wa tela, wanda iska ke iya ɗauka, ya kula da cin maiƙo. Telan ne dai ya buɗa wa manaja wando a makon nan, a asirce.

Ƙarshen wata ya gayyaci ƙanwar cin rana, ta zo ta ga mu'ujiza. Ya yi jawabi a kan kwanon, ya kira shi juyin juya hali. Ta tsoma cokali mai yatsu tana tono, har ta ci karo da ganye ɗaya, ta ɗaga shi tana kallo, mai na ɗiga.

Sannan ta ciro sikeli daga jaka ta ajiye a ƙasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ya tuɓe takalmi. Ya cire agogo. Ya ajiye hula da makullan mota. Ya ja numfashi ya haɗiye ciki, ya hau. Sikelin ya yi 'yar ƙara, irin ta wanda aka zalunta.

"Auta, wannan na'urar ta ƙasar waje ce," in ji shi. "Ba ta san jikinmu ba."

Ta buɗe jaka ta fito da auduga da 'yar kwalba.

"Yaya, naɗe min hannun riga. Na hagu. Na daman zan bar maka, ka ci gaba da kaɗa kimiyya."