Yatsana a Farantin Gwajin Iska

Ba zan taɓa mantawa da shan jabanar, wato taron shan gahawa, da muka yi a gidana bayan damina ba. A layinmu na Dar Salam, in ana zancen tsafta sunana ake fara kira (ni ma nakan taya su kira).

Safa, 'yar ƙanwata da ke jami'a, ta zo da wasu ƙananan farantai, cikinsu wani abu kamar daskararren kunu. Ta ce iskar ɗaki tana ɗauke da ƙwayoyin cuta da na fumfuna waɗanda ido ba ya gani, kuma akwai iyakar da bai kamata su wuce ba. Za ta bar faranti a buɗe a ɗakina da ɗakunan maƙwabta, abin da ya faɗa ciki zai tsiro daga baya.

"Halti, don Allah kar ki taɓa," in ji ta. (Haka take kirana, wato inna.)

Tana shiga gidan Hajja Batul, maƙwabciyata, sai na tsura wa farantina ido. In farantin Batul ya fi nawa haske, ina zan sa kaina? Na cika ɗaki da turaren wuta. Ɗan toka ya faɗa cikin farantin, na sa babban yatsa na ɗauke. (To, na ɗan lasa ma. Ba gishiri, ba sukari.) Sai na kife faifai a kai, ban cire ba sai da na ji takun Safa.

Ranar jabana, ni da bakina na ce Safa ta nuna sakamako gaban mata. Na kowa ɗigo-ɗigo. Nawa fes, sai a tsakiya ga shatin yatsa raɗau, ya yi toho fari da rawaya.

Safa ta ce, "Halti, iskar ɗakinki har babban yatsa gare ta?"

Batul ta dire kofinta. "Ya salam! Da hannun nan kika miƙo mana dabino?"

Mata suka kwashe da dariya, ni kuwa na cusa hannu cikin mayafi.

Aka sake gwajin, Batul ce ta zauna gadi. Ɗakina ya wuce iyaka. Da muka ja akwatunan kaya, sai ga bango ya jiƙe, fumfuna ta yi masa baƙi ƙirin.

Yanzu kullum tagogina a buɗe suke. Na gane dattin da ido ba ya gani ba ya jin kunyar kowa, ko da Hajja ce irina.