Bencin da na ƙera wa Kawu

Da na gama karatun injiniya, na ƙera wa Kawu bencin alminiyon don ƙofar shagonsa a Garuwa, don kowa ya san ba a banza ya tura ni makaranta ba. Na gasa ƙarfen, kwamfuta ta lissafa ƙarfinsa, na rantse ko ƙaton bijimin kasuwar shanu ta Touboro zai ɗauka. Na manta ƙarfin alminiyon ta tsawo daban, ta faɗi daban.

Na tara maƙwabta, na ce, "Kawu, bismillah."

Ya tattare babbar riga ya zauna. Benci ya lotsa a hankali, cikin ladabi, har ya dire shi ƙasa.

Daga zaunen ya ce, "Ɗana, ashe tabarma ka ƙera."

Har yau kasuwar nan Injiniya Tabarma take kirana.