Ranar da Na Ce Diraf Ya Cinye Geron Tozai

Ba za ni taɓa mantawa da daminar da ruwa ya ɗauke mana ba, ba don wahalar da aka sha kaɗai ba, har da abin kunyar da na ja wa kaina a gidan kawuna da ke Sabon Birni.

A lokacin ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare a Isa. Labarin ƙasa na karanta a jami'a, amma da na zo babu malamin Turanci, sai aka miƙa mini alli aka ce in riƙe na ɗan lokaci. Ɗan lokacin nan ya kai shekara shida. A garinmu Tozai kuwa, duk takardar da ta zo da Turanci ni ake nema, kuma na yarda da kaina ƙwarai (fiye da yadda ya kamata, kamar yadda za ku ji).

Daminar ta zo da gardama. Babana ya yi shuka sau uku. Ta ukun ce ta kama, gero ya kai gwiwa ya tsaya cak, ganye ya nannaɗe. Aka fita roƙon ruwa, makiyayan Turba, maƙwabtanmu, suka fara kora dabbobinsu kudu, samari suka kama hanyar cin rani tun ba a kai kaka ba. Cikin wannan hali na ga sanarwa a waya. Wata jami'ar Ingila da wata ta ƙasar Sin sun haɗa gwiwa sun buɗe makaranta guda a can Sin, karatu duka da Turanci, takardar kammalawa da sunan su biyun. Suna neman ɗalibai daga yankunan da fari ke damu, su yi digiri na biyu kyauta a kan ruwa da noma. Na rubuta musu dogon bayani a kan gonar babana na aika. Bayan makonni suka ce za su gana da ni ta bidiyo, ƙarfe tara na safe.

A Tozai sai ka hau tudu kafin waya ta kama, don haka na tafi wurin Kawu Alhaji Sani, ɗan kasuwa mai kai kaya Nijar, wanda ke da bene da wutar sola. Da na yi shiru da bakina, da komai ya wuce a ɓoye. Amma na ce masa Turawa da 'yan Sin ne za su zauna su saurare ni. Kawu ya ji daɗi, ya aika wa abokan hirarsa. Kafin tara ta yi, dattawa bakwai sun jeru a kan tabarma a bayan kwamfuta, inda kyamara ba ta ganinsu. Kwamfutar ta 'yarsa Hajara ce, ma'aikaciyar jinya, kuma taubashiyata wadda ba ta taɓa raga mini ba tun muna yara. Ta haɗa komai ta koma bakin ƙofa ta zauna.

Mutum biyu suka bayyana: wata Baturiya mai furfura, farfesa, da wani dakta ɗan Sin mai yawan murmushi. Gaisuwa ta tafi daidai. Sai farfesar ta tambaye ni babbar matsalar da ke damun garinmu.

To, kalmar fari da Turanci ana rubuta ta "drought". Na rubuta ta a allo ba adadi, amma ban taɓa kasa kunne na ji yadda masu harshen ke furta ta ba. Na ga "cough" da "enough" suna ƙarewa da sautin "f", sai na yanke wa kaina hukunci cewa ita ma haka take. "Diraf" nake cewa. Abin da ban lura ba shi ne, diraf a kunnen Bature wasan nan ne na allo mai gidaje baƙi da fari, wanda ake bugawa a gindin bishiya.

Na gyara zama na fara. Na ce musu diraf ya gama da garinmu. Na ce saboda diraf magidanta sun bar gona, suna wuni a ƙarƙashin bishiya. Na ce babana, dattijo mai mutunci, diraf ya cinye masa duk abin da ya shuka bana. Na ga farfesar ta ɗaga gira, na ɗauka tausayi ne, sai na ƙara wuta. Na ce ni kaina tun ina yaro nake cikin diraf, babu wanda zai gaya mini sirrinsa. A bayan kwamfuta dattawa suna gyaɗa kai, ɗaya har yana cewa Turancin yaron nan ba ya tsayawa.

Daktan ya tambaya cikin ladabi ko mata ma suna yi. Na ce ai su suka fi shan wahalarsa. Ya ce to wa ya fi ƙwarewa a garin, wa ke yawan cin wasa? Na yi mamakin tambayar, amma na dake na ce babu mai cin nasara a kan diraf sai Allah.

Na hango Hajara ta cusa bakin gyalenta a baki, kafaɗunta na rawa. Farfesar ta matso kusa da kyamara ta roƙe ni in faɗa mata haruffan kalmar ɗaya bayan ɗaya. Na faɗa, da murya irin ta malamin da ke koya wa 'yan aji ɗaya. Ta rufe ido, ta ce, "Oh, drought." Diraut. Haka kawai. Ta yi iya ƙoƙarinta ta riƙe dariya, daktan kuwa sai da ya cire tabarau ya share ido.

Kawu ya leƙo ta gefe ya ce a hankali, "Ɗana, mi aka wa dariya?"

Na ce masa sun ji daɗin amsata ne. Hajara ba ta bari ƙaryar ta kai ƙasa ba.

"Baba, ce musu ya yi wasan diraf ne ya cinye geron Tozai, wai har da babansa cikin masu bugawa."

Ɗakin ya ɗauka. Wani dattijo ya riƙa salati yana dariya, Kawu ya ce shekara arba'in ya san surukinsa, wato babana, bai taɓa ganin shi da allon wasa ba. Duk wannan yana shiga kunnen farfesar da daktan. Na ji kamar in rufe kwamfutar in gudu Nijar.

Daktan ne ya cece ni. Ya ce shi ma ya yi shekara biyu yana furta wata kalma ba daidai ba a gaban ɗalibai, babu wanda ya gaya masa. Sannan ya ce in bar manyan kalmomi, in gaya musu abin da manomi ke yi a garinmu idan ruwa ya ɗauke. Girman kai ya riga ya zube, sai na yi magana kamar mutum. Na faɗi yadda babana ke ajiye irin gero mai saurin nuna, yadda ake haƙa rami a yashin gulbi a sami ruwa, yadda manomi ke barin makiyayi ya kwana da shanu a gonarsa don taki. Abin da ban sani ba na juya na tambayi dattawan, Hajara na taya ni fassara. Ganawar minti ashirin ta kai kusan awa guda, farfesar tana ta rubutu.

Sun ɗauke ni. Na yi shekara biyu a can, na dawo, yanzu ina aikin rijiyoyi da noman rani tsakanin Isa da Kurawa, kuma alhamdu lillahi ina jin daɗinsa. Amma kafin in tafi sai da na shiga kowane aji na tsaya gaban allo na ce wa ɗalibaina abin da na koya musu kuskure ne. Na shekarun baya da suka riga suka watsu cikin duniya da diraf a bakinsu, ina roƙon su yafe mini.

Babana da labari ya kai masa bai yi fushi ba, cewa ya yi in dai sun ba ni karatun, to ya yarda ya buga. A Sabon Birni har gobe Malam Diraf ake kirana, ina kuma amsawa. Abin da na koya shi ne, kalmar da ban ji da kunnena ba, ba na fita da ita bainar jama'a. In kuma dole sai na yi kuskure, to ba na gayyato dattawa bakwai da taubashiya su zo kallo.