Fuskar Kap Teryo

Duk wanda ya ce San Telmo ba ta yi dacen shugaba ba, hassada ce ke cin sa. Wane ƙauye ne a duk bakin tekun Manila yake da irin Kapitan Eleuterio Bagtas, wanda ake kira Kap Teryo? Mutum ne da Allah ya ba shi fuska, shi kuma bai yi rowarta ba. In yaro ya gama firamare, kafin uwarsa ta sauke taliyar biki an rataya tamfol a ƙofar gida, ga Kap yana murmushi haƙora a waje, ga sunan yaron can ƙasa, sai ka sa tabarau. In aka yi rasuwa, rumfar makoki da fuskar Kap take zuwa, har baƙi kan tsaya suna yi wa hoton addu'a, a zatonsu shi ne mamacin. Yana jikin kwandon shara, yana jikin allon ƙwallon kwando. Shi ya raɗa wa kansa Gagara-Teku. Mutanen gari kuwa, da yake dogon suna na ba su wahala, Hoto suke ce masa in ya ba da baya.

San Telmo a ƙasan ruwa take zaune: kogi ta nan, teku ta can, tafkunan kiwon kifi a tsakani. Ganuwar siminti ce kaɗai ke raba tukunyar mutum da igiyar ruwa. Lokacin da ake gina ta, Kap bai ɗauki ko bokitin yashi ba, saboda shugabanci ya sha masa kai. Amma ranar da aka gama, shi ya fara kiran mai fenti. A kwanar kasuwar kifi, inda kogi ke karo da teku, aka zana fuskarsa a jikin ganuwar tun daga ƙasa har sama. Kunnensa ɗaya ya kai ƙofar ɗaki girma.

"'Yan'uwana, masoyana," in ji shi ranar buɗewa, "daga yau ku yi barci har da munshari. In teku ta taso, ni za ta fara gani. Na kuwa san teku, tana da kunya."

Aka yi tafi. Ba wanda ya tuna masa cewa hoton gari yake kallo, ƙeya ya ba teku.

Ba a daɗe ba siminti ya tsage. Tsagar ta faro daga goshi, ta bi tsakanin idanu, ta sauka a hanci. In teku ta cika, sai ka ga hancin yana ɗiga, matan kasuwa suna tambayar juna ko Kap ya sha maganin mura. Mai girma bai yi sakaci ba, a faɗi gaskiya. Duk lokacin da tsagar ta buɗe, sai ya aika mai fenti ya shafe ta, a ƙara wa kumatu ja. Hankalinsa na kan babban aiki, don zaɓe ya matso. Ya sa an buga masa sababbin tamfol jibgi guda, ya adana su a saman benensa inda ko danshi ba ya kaiwa.

Sai rediyo ta ce mahaukaciyar guguwa na tafe, kuma za ta iso daidai da cikar teku. Gari ya fito gayya kamar yadda aka saba. Maza na cika buhunan shinkafa da yashi, mata na rabon fate mai citta, kowa kuma ya san inda buhunan za su je. An fara jerawa ke nan a ƙarƙashin haɓar hoton sai ga Kap a kan babur.

"Kai! Ku dakata! Wa ya ce ku jera a nan?"

Kowa ya sunkuyar da kai, ban da Aling Pasing mai busasshen kifi. Ita ta riƙe shi a coci ranar baftismarsa, shi ya sa yake ce mata Ninang, ta ga abin da ya yi wa rigar limamin cocin a ranar, don haka ba ta taɓa jin tsoronsa ba.

"Teryo, bangon nan yoyo yake yi."

"Ninang, don Allah, a gaban jama'a Kapitan ake cewa."

"To Kapitan, hancinka na yoyo. Matsa mu toshe."

Kap ya gyara tsayuwa, ya ɗaga murya yadda na baya za su amfana. "Gobe Magajin Gari zai zo da masu ɗaukar hoto ya duba shirinmu. So kuke ya tarar an binne ni da rai? Talaka in ya firgita, me zai kalla ya ji sanyi a ransa? Ba don kaina nake faɗa ba. Ni me fuska ta dame ni da shi?"

"Rumfata na nan gaban bakinka," in ji tsohuwa. "In ruwa ya shigo, kai za ka ci da ni?"

"Ninang, muddin ina numfashi, ko gishirinki ba zai jiƙe ba."

Ya yanke hukunci irin na masu hangen nesa: a jera buhu dama da hagu, a bar fuska a sarari, yadda za ta fito kamar hoto cikin firam. Aka bi umarni ana ƙunƙuni. Kada a zargi mutanen San Telmo da wauta. Bayan kowace ambaliya Kap ne ke rabon shinkafar agaji da gwangwanin sardin, kuma Allah ya hore masa riƙo.

Washegari Magajin Gari bai zo ba, guguwa ce ta cika alkawari. Tun da hantsi iska ke ɗaga kwanon rufi, jama'a suka kwashi yara da tsofaffi da zakarun faɗa suka haye saman benen makaranta. Kap kaɗai ya tsaya a kwanar kasuwa, cikin rigar ruwa rawaya, da lasifika a hannu, yana leƙen hanya ko masu hoto sun makara ne. Da ya ga tagogin makaranta cike da kawuna, ya ga asara ce a bar taro haka ba jawabi.

"Jama'ar San Telmo! Ku dube ni! Gagara-Teku bai taɓa ja da baya ba, kuma yau..."

Hancin ne ya fara tafiya. Ya ɓalle ɗungum ya faɗo cikin kasuwa, idanu suka bi shi, sannan teku ta shigo ta inda murmushin yake, ba ko sallama. Dama da hagu, inda buhu yake, ganuwa ko gezau. Ruwa ya ɗauke ƙafafun mai girma, Allah ya taimake shi ya rarumi akwatin ƙanƙarar kifi ya faɗa ciki. Haka ya bi babban titi yana juyi, ƙafafu a sama, ya wuce ta gaban makaranta gari duka na kallo. Ya manta bai kashe lasifikar ba, saboda haka har bayan coci an ji Gagara-Teku yana ihu, "Ninang! Wayyo Ninang!" Masunta ne suka maƙalo shi da gora.

Ba a rasa rai ba, an gode Allah. Amma ruwa ya kai tagogi, kifin da aka yi wata da watanni ana kiwo ya koma teku, rumfar Aling Pasing ko gungume ba a gani ba. Tsohuwar ta zauna a matakalar makaranta ta yi kuka mai isarta. Wannan kam babu abin dariya a ciki, abin haushi ne.

Guguwa ta wuce ta bar giɓi, kuma duk cikar teku sai ruwa ya sake shigowa ya gaida mutane har cikin ɗaki. Dole a toshe, ga shi buhu ya ƙare a gari. Nan aka tuna da abu ɗaya da ya rage a bushe a San Telmo. Matar Kap da kanta ta buɗe ƙofa, don ita ma ta gaji da kwasar taɓo. Mata suka zauna da allurar ɗinkin komar kamun kifi, suna naɗe tamfol suna mai da shi buhu, hoton ta ciki, saboda fentin santsi gare shi.

"Kayan zaɓe ne fa!" in ji Kap. Aka ci gaba da ɗinki. Ya tsaya yana kallo ana ɗura masa laka, ana cilla shi rami, ƙarti suna tattake shi da ƙafa don ya zauna daram. Cikin hayaniyar ya faki ido ya zare guda ɗaya, mafi girma, wanda aka gyara masa gashi a ciki, ya naɗe ya cusa a rigar ruwa. Ko ba komai ranar zaɓe a sami abin ratayawa.

Da la'asar teku ta fara cika. An toshe ko'ina sai wata 'yar kafa a sama, ruwa na tsartuwa ta cikinta, tamfol kuma ya ƙare. Mutane suka tsaya cikin ruwa iya gwiwa suna duban juna, daga nan suka koma duban cikin Kap, wanda ya yi wani irin tudu mai kusurwa.

Aling Pasing ta miƙa hannu. "Kawo."

"Ninang, shi ke nan ya rage mini."

"Ni ko ɗaya bai rage mini ba. Kawo."

Ya zaro ya ba ta. Ta ɗinke gefe biyu, ta cije zaren, ta miƙo masa. Kap ya leƙa ciki, ya haɗa ido da kansa yana murmushi a gindin buhu.

"Riƙe bakin da kyau, Kapitan," in ji tsohuwa, ta ɗebo laka cike da shebur.