Farfela Mai Lamba Tara

"Lafiya ƙalau na kwana, amarya. Ke ce dai aka ce kin kwana kina kiran sunana."

"Tari nake yi, angon banza, ka ɗauka kiranka ne."

Hantsi bai gama ɗagawa ba a bakin dam ɗin Tiga, ta wajen Rurum. Ruwa ya kwanta lumui, duwatsu sun kifa a cikinsa kamar masu barci. Iya Salamatu ta tsaya a kan jikanta Gwadabe, wanda ya tsuguna a bayan kwalekwalensa da tsumma a hannu, yana goge sabuwar farfelar da ya sayo wa injinsa a Kano.

Shekara hamsin ke nan da ruwan nan ya shanye ƙauyensu Iya. A can ƙasa ta bar kabarin ɗanta na fari, Shitu, wanda bai cika shekara uku ba. Alama ɗaya ta rage mata: in tsagaggen dutsen yamma ya daidaita da kan gawon da ke waccan gaɓar, to tana bisa wurin. Duk bazara sai an kai ta. Bana yanar ido ta fara rufe mata gani, gawon ya koma mata kamar hayaƙi, ba ta kuma sa ran ganinsa baɗi.

"Wannan ce ta makon jiya?" ta tambaya.

"Ita ce. Lamba sha ɗaya. Duk juyi ɗaya, inci sha ɗaya take ci gaba. Kafin ki tauna goro mun kai. Au, na manta, ba haƙora."

"Da haƙoran nan na tauna maka gyaɗa kana jariri, a bakinka suka ƙare. Ina tsohuwar farfelar?"

"Mai lamba tara? Tana cikin buhu. Ta dakon masara ce. Ga tsufa, ga nauyin jiki, ga kunne ɗaya a gutsure. Sa'arki ce."

"To sa'ata nake so."

"Haba amarya! A gan ni da ke, a kuma gan ni da ita? Masunta su ce Gwadabe ya buɗe gidan tsofaffi a kan ruwa?"

"Masuntan da suka gan ka makon jiya kana jan igiyar inji kana kiran sunan uwarka?"

"Addu'a nake yi."

"Addu'ar da ta sa kifi suka yi ƙaura zuwa Kibiya."

"Ai Kibiya ba ruwa."

"Sun gwammace fari da muryarka."

Gwadabe ya yi dariya, ya ci gaba da goge-gogensa. "Yau zan rage totur, wallahi. A hankali zan tafi da ke, kamar ranar kai amarya."

"Ka rage makon jiya. Dutse da gawo suka haɗu suka rabu ban ko ɗaga hannu ba. Na ce ka ƙara ragewa, injin ya yi tari irin na tsohon bunsuru ya mutu, iska ta kwashe mu."

Ya san gaskiyarta. Mai lamba sha ɗaya dogon taku gare ta. Ko a mafi ƙanƙantar juyi sai ta yi nisa, in ka matsa wa injin ya rage fiye da haka sai ya shaƙe. Mai lamba tara kuwa tana barin inji ya yi numfashinsa, jirgi na rarrafe.

"Yaushe kika yi karatun kanikanci a ɓoye?"

"Ban yi ba. Na dai yi tafiya da yaro." Ta dubi ruwan. "Shitu ba ya yarda a goya shi zuwa rijiya. Sai ya taka da kansa, ya tsaya ya duba tururuwa, ya tsaya ya tsinci tsakuwa. Babansa mai dogon taku ne, kullum sai ya wuce mu ya dawo. Ni na koyi takun Shitu."

Tsumman ya tsaya a hannun Gwadabe. Can sai ya jawo buhu, ya ɗauko sifana.

"Ba don ke ba ne fa," ya ce yana kwance noti. "Nauyinki nake ji wa. Kin kai buhu shida."

"Biyar da rabi. Rabin baƙin cikin aurenka ya cinye."

"Auren da kika zo ba ko gara? Ko tukunya ɗaya ban gani ba."

"Ɗaura abarka, maigida, rana na yi."

Suka shiga ruwa. Injin na ƙara a hankali, ba tari, ba shaƙewa. Jirgin ya riƙa zamewa kamar ba ya son tayar da kowa. Iya ta runtse ido, ta buɗe. A ƙarƙashinsu, a zuciyarta, hanyar rijiya ce ke wucewa: dangar su Talatu, rumbu biyu, turmin da aka manta ranar tashi. Dutsen ya taho sannu sannu, yana neman hayaƙin gawon.

"Dakata. Nan."

Gwadabe ya juya hancin jirgin ya fuskanci iska, farfelar na riƙe da su wuri ɗaya. Iya ta ɗaga hannuwa, leɓɓanta na motsi. Ta daɗe. Da ta shafa, ba ta dube shi ba.

"Me kake gani?"

"Tsagar dutse ta hau kan gawo. Reshen hagu ya leƙo kaɗan."

"Akwai reshe?" ta ce. "To riƙe shi da idonka, na ba ka. Garar taka ke nan."

"Kowa amaryarsa ta zo da buhun shinkafa, tawa ta zo da dutse da gawo."

"Da ɗa. Gai da baffanka."

Ya sunkuyar da kai, ya yi wa ruwan sallama.

"Durƙusa mana, mara kunya. Don ka girme shi?"

Gwadabe ya zube a kan gwiwoyinsa, jirgin ya yi tangal-tangal. Iya ta damƙe gefensa tana dariya, fuskarta sharkaf.

"Na durƙusa, amarya," ya ce. "Kin ci."