Kukan Kwaɗo a Birnin Tsoka

To, ku matso ku ji ta. Birnin Tsoka dai da ƙullun wake aka gina ganuwarsa, saboda haka ita ce katanga, ita ce rumbu. Idan yunwa ta shigo, gafiyoyi ke da izinin gatsar ganuwar su raba wa talakawa. Da zarar abinci ya iso kasuwa kuwa, sai Kwaɗo, mai riƙe da sarautar da bokayen Turai ke kira Insulin, ya hau tudu ya yi kuka: "A daina!" Nan take haƙora su tsaya, magina su liƙe gurbin.

Haka aka yi shekara saba'in. Birni ya tsufa, Sarki Kunkuru ya fi son barci da komai, aka daina ɗaukar kaya, aka daina hawan tudu sai Kwaɗo kaɗai. Yana kuka, gafiyoyi na ci. Ganuwa ta koma kamar rariya.

Aka kira majalisa don a tuɓe Kwaɗo.

"Ranka ya daɗe," in ji Kwaɗo, maƙogwaro a kumbure, "muryata tana nan yadda ka san ta. Kunnuwansu ne suka mutu."

Magajiyar gafiyoyi ta share baki ta miƙe. "Allah ya ja zamanin Sarki, mu masu biyayya ne. Muna jin wata 'yar ƙara daga nesa, amma mun ɗauka cikin wani ne ke kuka."

Sai tsohuwar Jaka, uwar jakai, ta yi gyaran murya. "Ni dai ban yi karatu ba. Amma na lura duk unguwar da ake jibga wa ganuwa kaya kullum, gafiyoyinta na jin Kwaɗo sarai. A koma ɗaukar kaya mana."

"Wa zai ɗauka, Iya? Mu?" Fadawa suka fashe da dariya, aka ce a fitar da ita ta sha iska.

Majalisa ta yanke hukunci mai hikima: ba za a tuɓe Kwaɗo ba, za a ƙara masa mataimaka arba'in. Ya koma gida da rawani, yana hawaye.

Daga ranar birni bai sake yin shiru ba. Ƙara ta kai har ranar da ganuwar gabas ta zube, babu wanda ya ji. Sarki dai ya farka ya ce yau fada akwai iska mai daɗi.

"Sabon tsari ne, ranka ya daɗe," in ji Magajiya, bakinta cike.

Ƙurunƙus, ku tashi ku miƙe ƙafa.