Rasuwar Yallaɓai, Injin Hansai na Hayin Banki

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ko da yake an ɗan rage gurbi a gefe don wasu maganganu, Kofur Tanko Yakubu mai ritaya, na Hayin Banki a Kaduna, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da ɗaliban da suka bar aikinsu a zaurensa, rasuwar injin kwamfutar maiɗakinsa Malama Hansai, wanda aka fi sani da Yallaɓai. Ya cika ranar Alhamis gab da la'asar, bayan doguwar jinya, a kan teburinsa. Da hannu aka rubuta wannan sanarwa, domin mai buga ta shi ne ya tafi, kuma an ƙi kai ta Kawo a buga saboda dalilin da za ku ji nan gaba.

Ba Kofur ne ya raɗa masa wannan suna ba, jama'a su shaida. Hansai ce. Kofur ya yi yaƙin basasa daga farkonsa har ƙarshensa. Harsashi ya shiga cinyarsa ya fita ta ɗaya gefen cike da kunya. Kwalara ta kwashe rabin barikinsu ta tsallake shi. Motar itace ta kife da shi a hanyar Zariya, ya fito daga ƙarƙashi yana tambayar ina hularsa. Duk da wannan, ba a taɓa ce masa Yallaɓai a gidansa ba. Baban Safiya ake ce masa, shi ma sai in akwai buhun da za a ɗaga. Amma akwatin ƙarfe da aka sayo a gwanjon ofis, wanda Turawa suka cinye ƙuruciyarsa, ma'aikata suka cinye saura, ya shigo gida ranar Asabar, kafin Litinin ya zama Yallaɓai.

Hansai ta daɗe tana buga tafireta a aikin gwamnati. Da ta ajiye aikin ne ta sayo marigayi, ta mai da zauren gida shago. Zauren nan kuwa nan Kofur ke shimfiɗa tabarmarsa ya karɓi gaisuwar masu wucewa. Aka naɗe tabarmar aka kai ta gindin dalbejiyar ƙofar gida. Kofur ya bi tabarmarsa. Soja yakan bar wuri don dabara, ba don an fi ƙarfinsa ba.

Ba za a rage wa mamaci komai ba. Marigayi ya yi aiki. Ya buga katin biki da na suna, ya buga takardar neman aiki, ya buga yarjejeniyar haya, ya buga waɗannan dogayen littattafai da ɗalibai ke kai wa malamansu kafin a sallame su. Bai taɓa cin tuwon gidan nan ba, bai taɓa kai maganar wani ga wani ba. Da safe in an kunna shi sai ya ce “fiit”, sannan ya shiga “ƙirr, ƙirr, ƙirr” yana gyaran murya, Hansai na zaune tana murmushi tana jiran ya kimtsa. Kofur ma yana gyaran murya da safe. Shi cewa ake yi ya fita waje ya yi.

An kula da marigayi, wannan kam ko maƙiyi ya sani. Fanka ɗaya ce a gidan, tasa ce. Da dare a lulluɓe shi da leshin da Kofur ya saya wa Hansai na sallah. Ba a cin goro kusa da shi, ba a atishawa ta wajensa, ba a shiga da takalmi. Kofur ya kwana a ramin yaƙi ruwa har ƙirji, ba wanda ya lulluɓe shi da ko tsumma. Ba ƙorafi ba ne wannan, tarihi ne.

Ciwon da ya yi ajalinsa ciwon sandarewa ne. Ana tsakiyar aiki sai wani ɗan abu mai siffar kalangu ya fito a gilashin fuskarsa ya tsaya. Shi ke nan. A tura ɗan ɓeran nan mai doguwar jela gaba, a dawo da shi baya, kibiya ba ta motsi. A danna wannan, a danna wancan, shiru, ido buɗe ba ya ganin kowa. Sai Hansai ta kwantar da murya.

“Haba Yallaɓai, kai fa babba ne. Yi haƙuri, shafi biyu suka rage.”

Kofur ma yakan yi shiru in an ɓata masa rai. Ya taɓa yin wuni guda bai ce uffan ba, Hansai na madafi tana 'yar waƙarta, ba ta ma lura ba sai da Safiya, 'yarsu, ta gaya mata.

In lallashi ya ƙi, sai ta haɗa yatsu uku ta danna maɓallai uku lokaci guda, wai haka ake farkar da shi. Da farko yana amsawa. Daga baya ya raina yatsu ukun. Abin da ya rage shi ne a kashe shi da ƙarfi a sake kunnawa, kuma maɓallin yin haka yana can bayan akwatin, jikin bango. Wayoyin wutar gidan tsofaffi ne, bayan marigayi kuwa yana jan mutum. Ya taɓa fizgar Hansai har gwiwar hannu. Wani ɗalibi mai cika baki ya gwada, ya fita zauren bai tsaya ɗaukar takalminsa ba. Daga ranar sai aka fara jin wata murya tana ratso ƙofa har gindin dalbejiya:

“Baban Safiya! Zo, ya sake!”

Kofur ba ya gaggawa. Ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya gyara hula, ya shigo ya ce a matsa. Ya zura hannu bayan akwatin. Wuta ta cije shi, ko ƙifta ido ba ya yi. Ƙas. Ya ɗan dakata. Ƙas. Sai ka ji “fiit”. Marigayi ya farfaɗo da shuɗiyar fuska, wani layi ruwan ɗorawa na jan jiki a ƙasa, yana mita da Turanci wai ba a kwantar da shi yadda ya kamata ba. Godiyar ke nan. Aikin da ba a adana ba kuma ya tafi, ɗalibi ya dafe kai. Amma Hansai, kafin ta koma kan aiki, takan kamo hannun Kofur ta juya yatsun tana dubawa.

“Sannu, Baban Safiya. Bai ja ka da yawa ba ko?”

“Wanda harsashi ya ratsa?”

Sai ta hura masa yatsun duk da haka. To, a nan ne kawai Kofur zai ce marigayi ya san ya kamata.

An nemi magani. Likitansa shi ne Malam Lawal, wanda ya zauna tebur da tebur da Hansai a ofis shekara da shekaru, yanzu yana da shagon buga takardu a Kawo, yana kuma taɓa gyara. Mutum ne mai babur da tabarau da turaren da ke riga shi shigowa. Zuwan farko ya ce ƙura ce, ya buɗe ciki ya hure, kyankyasai suka watse. Zuwa na biyu ya ce fayafayan da ɗalibai ke kawowa su ne ke shafa masa cuta, ya yi masa riga-kafi. Na uku ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ta yi kaɗan, ya soka masa ƙari. Ya ce an cika masa ciki, ya goge wasan kartar da ke ciki. Kowane zuwa sai ya jawo kujera dab da ta Hansai, su sa kai a gilashi ɗaya suna Turanci ƙasa-ƙasa suna dariya, a kawo masa shayi a kofin tangaran da Kofur bai taɓa sanin akwai shi a gidan ba. Kofur kuma a ba shi tocila ya haska. Maganin Malam Lawal yakan yi kwana biyu, kalangu ya dawo. Na Kofur nan take ne, kuma ba a ba shi shayi. Kowa ya auna da kansa.

Ranar Alhamis ɗin marigayi ya tashi ba daɗi. “Fiit” ɗinsa a shaƙe ta fito. Kafin azahar an yi ta kiran Kofur har ya daina komawa gindin dalbejiya, ya jawo kujera ya zauna kusa da Hansai, kafaɗa da kafaɗa, abin da rabonsa da shi tun Safiya na goye. Ba za a ɓoye ba, wuni ne mai kyau. Gab da la'asar kalangu ya sake fitowa. Kofur ya kashe, ya kunna. Babu “fiit”. Sai “ƙwas, ƙwas, ƙwas” daga can ciki, kamar ana buga ƙofar gidan da kowa ya tashi, sannan ƙauri ya biyo baya. Ya sake taɓa bayan akwatin, bai ja shi ba. Nan ya gane. Ya sha ganin irin wannan sanyi a fagen daga.

Aka aika Kawo. Malam Lawal ya zo ya buɗe, ya girgiza kai, ya ce sai haƙuri. Da a nan ya tsaya da an gode masa. Gawa na kwance ko rufe ta ba a yi ba, ya cire tabarau ya dubi matar mutane ya ce:

“Hajiya Hansai, kada ki sa damuwa. Akwai kujera a shagona. Injunana sababbi ne, ba sa tsayawa ko sau ɗaya.”

“Bari in yi shawara, Malam Lawal.”

Shawara da wa? Mai shawarar yana tsaye a wurin da tocila a hannu. Kuma ku ji fa, ba sa tsayawa. Wato Hansai ta fita da safe sai magariba, tana can Kawo cikin turare da Turanci, kuma har rana ta faɗi babu abin da zai sa a kira kowa.

Tun ranar Hansai ba ta sa kwalli ba, ba ta canza zane ba, tana zaune a zaure ta zuba wa tebur ido. Maƙwabciyarsu Kulu ta leƙo ta ce, “Ke Hansai, takaba kike yi wa akwati, maigida na zaune a waje yana cin goro?” Da Kofur ya ji, jininsa ya hau. Da ya sauka kuma sai ya yi tunani irin na soja: mai takaba ba ta fita wata huɗu da kwana goma, kafin nan ai Malam Lawal ya ɗora wata a kujerarsa. Bayan sallar azahar ya ja limamin layinsu gefe ya tambaya ko akwai wata 'yar ƙofa da za a yi wa inji takaba. Liman ya yi dariya har rawaninsa ya kwance.

“Kofur, takabar Hansai taka ce kai kaɗai. In ka matsu a yi, ai ka san hanya.”

Kofur bai matsu ba. Abin da yaƙi bai samu ba, mai babur ba zai samu ba.

Marigayi ya rasu ya bar firinta guda, mai fitar da rubutu a takarda, wadda aka sani da yawan kuka, yanzu ta yi tsit. Ya bar ɓera, ya bar sitabilaiza, ya bar faifai cike da kwali. Ya bar ɗalibai da dama waɗanda aikinsu ya bi shi, ana roƙonsu su daina taruwa a ƙofar gida da sassafe, ba a karɓo saƙo daga inda ya tafi. Ya bar Malama Hansai. Ya kuma bar Kofur Tanko, wanda ya ga bayan kwamandojinsa duka, yau ga shi ya ga bayan Yallaɓai.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a yi masa sallah ba, don har ya koma ba a san addininsa ba. Za a goge shi da busasshen ƙyalle ranar Asabar da hantsi, a sa shi a kwalinsa, Kofur ya ɗauke shi shi kaɗai ya ɗora a saman kabad, ba a buƙatar taimako. Maza su yi gaisuwa a ƙofar gida, mata su shiga ciki. Za a raba ƙosai da koko ranar uku. Malam Lawal na Kawo kada ya wahalar da kansa, an karɓi ta'aziyyarsa daga can, Allah ya ba da lada.

Bayan an watse za a zauna maganar magaji, domin teburin nan ba zai kwana bakwai babu kowa a kansa ba. Kofur ya sa filinsa na Rigachikun a kasuwa, wanda ya sha rantsuwa ko yunwa ba za ta raba shi da shi ba. Duk mai inji na sayarwa ya same shi da kansa, kada a bi ta cikin gida. Ba a son sabo, sabo bai san darajar mutane ba. A kawo wanda ya ɗan manyanta, mai aiki da kyau amma yakan ɗan sandare nan da can, ba kullum ba, daidai gwargwado. Maɓallinsa ya kasance a baya. In yana ɗan jan mutum, Kofur zai ƙara wani abu a kan farashi.

Mai sanarwa: Kofur Tanko Yakubu, mai ritaya, mai rai.